Yayar da Ba Ta Wuce Shekara Huɗu Ba

Ranar wata Talata da hantsi ya fara ganin ta. Yana turo tukunyar gas a kan kurar ƙarfe cikin wata doguwar baranda marar taga, a can ƙasan ginin bincike da ke bayan asibitin yara. Ƙafar kurar ɗaya tana kuka, kukan kuma sai ya je ƙarshen barandar ya dawo, kamar wani na biye da shi da tasa kurar.

Sannu-sannu ake ce masa a kamfanin gas, don ba a taɓa ganin ya ɗaga ƙafa da sauri ba, ko da ruwa ake tsugawa. Karatunsa bai yi nisa ba. Amma ya san tukunya, ya san bawul ɗin da ke buɗe ta da rufe ta, ya san allurar agogon da ke nuna ko gas na tafiya.

Ya tura ƙofar ƙarshe, sanyi ya bugi fuskarsa. Ɗakin fari fat, ba kowa sai wata budurwa cikin farar riga da safar hannu, ta duƙufa a kan madubin nan mai ƙara girman abu. Magana take yi ƙasa-ƙasa.

"Kin ƙara cika, Yaya. Shekaranjiya fa na rage ki."

Ya dubi dama, ya dubi hagu. Babu wata Yaya a ɗakin.

"Salamu alaikum. Malama, don Allah da wa kike magana?"

Ta ɗago. Idanunta manya, masu dariya, duk da bakinta na rufe da ƙyalle.

"Kai sabo ne ko? Wancan tsohon ba ya tambaya, ajiyewa yake ya arce. Zo ka gaishe ta."

Ya goge hannu a jikin wando, ya kara ido. Wasu 'yan ƙananan abubuwa ya gani kamar ɗigon ruwa a jikin gilashi, sun manne da juna, wasu sun tsuke a tsakiya suna shirin rabuwa biyu.

Ta ce, "Ƙwayoyin jikin wata yarinya ne. An ciro su daga ƙarin da ya fito mata a ciki, ciwon daji. Iyayenta suka yarda a ajiye don bincike. Ita ta rasu tun ba a haife ni ba, amma waɗannan labari bai kai musu ba, har yau ƙaruwa suke. Ta riga ni zuwa duniya, ka ga dole in ce mata Yaya. Sai dai ba ta wuce shekara huɗu ba."

 Ya ja da baya a hankali.

"To me ya hana su tsayawa?"

"A jikin kowa akwai saƙon da ke ce wa ƙwaya ta ƙaru, akwai mai ce mata ya isa. Su waɗannan saƙon ƙaruwar ne ya maƙale musu, kamar ƙararrawar ƙofa da aka danne da yatsa ba a ɗaga ba. Mu magunguna muke gwadawa ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa wani ya ɗaga yatsan."

"Yatsan wa?"

Ta dube shi.

"Ka san ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar?"

Ta nuna masa akwatuna biyu na ƙarfe, kowanne kamar ƙaramin firji, na dama da na hagu, kowanne da tukunyarsa. A ciki ake ajiye farantan ƙwayoyin cikin wani jan ruwa. In ka sa hannu ciki, ɗumin jikin mutum za ka ji, ba ƙari ba ragi. Ta ce in gas ya yanke, jan ruwan duhu yake yi ya koma shunayya, in aka daɗe ƙwayoyin su mutu.

"Ka ga kai ne mai kawo mata numfashi. Ka riƙa kula."

Auta ake ce mata a gida, a wurin aiki ma sunan ya bi ta. Kafin ya gama ɗaure tukunyar ya san wannan sunan ya zauna masa a ƙirji.

Daga nan ya zama kullum akwai abin dubawa a hawan ƙasa. Yau tiyo, gobe agogo. Wata rana ta ce, "Anya tukunyoyin nan suna ciwo haka, ko mai su ne ba shi da lafiya?" Ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ranar ta ba shi lambar wayarta a jikin takardar manna kwalba.

Saƙonsa na farko, sai da ya goge shi sau huɗu.

"Malama Auta barka da rana. Ni ban iya tsara magana ba. Amma tun da na gan ki in na ɗauki tukunya ba na jin nauyinta."

Ta amsa, "To ka riƙe da kyau kar ta faɗo maka a ƙafa, ina buƙatar ƙafar nan ta zo gidanmu. Kuma ka daina ce min Malama."

Ya rubuta, "To hasken idona."

"Wannan ya yi. Sannu-sannuna."

Innarsa ce ta fara tsayawa a hanya. Da ya gama yi mata bayanin aikin Auta, sai ta ajiye kofin shayinta.

"Kai yanzu duk 'yan matan duniya ka rasa, sai mai kiwon naman yaran da suka mutu? Ta yini tana hira da su, ta dawo da hannun nan ta ba ka abinci? Wanda ya tafi a bar shi ya huta mana."

A can gidan su Auta kuwa, Baba ko sunansa ba ya son ji. Tsohon ma'aikacin kantin magani ne, mutum marar yawan magana. Ya ce bai kai 'yarsa jami'a don ta ƙare a ɗakin ɗan dako ba. Ga kuma Ƙaramin Dakta, abokin aikinta mai ƙamshin turare da makullin mota a yatsa, wanda ya riga ya je ya gaida Baba har sau biyu. In ya haɗu da Sannu-sannu a baranda sai ya ce, "Mai gas, a matsa mana da baron nan, masu aiki za su wuce."

 Sannu-sannu matsawa kawai yake yi.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar ya zo canza tukunyar akwatin hagu. Duk ma'aikata sun hau sama taro. Ɗakin shiru, sai gurnanin injuna. Ya kwance tsohuwar tukunya, ya jawo sabuwa, ya ɗaure tiyo da sifana. Saura ya murɗa bawul.

Sai ya ji numfashi a bayansa.

Ba na babba ba ne. Gajere ne, mai ɗan sheshsheka, irin na yaron da ya gaji da kuka barci ya ɗauke shi. Ya tsaya cak. Numfashin ya tsaya. Ya motsa hannu, ya sake ji.

Ya waiwaya a hankali. Ƙofar wajen akwatin ba ta gama rufuwa ba, ana hango ƙofar gilashin da ke ciki, wadda raɓa ta lulluɓe. A ƙasa-ƙasan gilashin, daidai inda hannun ƙaramin yaro zai kai, raɓar ta goge a wuri huɗu, siri-siri, a jere.

Ya san robar bakin ƙofa tana iya huci. Ya san ɗigon ruwa na iya gangarowa ya bar layi. Duk ya san wannan. Amma ƙafafunsa ba su tsaya jin bayani ba. Ya tura ƙofar ta rufu, ya suri sifanarsa, ya fice. Mai gadin ƙofa ya ce tunda yake bai taɓa ganin Sannu-sannu na gudu ba sai ranar.

Litinin da sassafe ya dawo ɗaukar tsohuwar tukunyar da ya bari. Idonsa ya sauka a kan agogon sabuwar. Allura kwance. Bawul a rufe gam, yadda ya bar shi. Ƙararrawar da ya kamata ta yi kuka an kashe ta tuni, an manna mata salatef. Ya leƙa ciki, ruwan farantan ya yi duhu, ya koma shunayya.

Ya murɗa bawul ɗin. Gas ya shiga da ɗan huci. Ya tsaya yana addu'a a zuci, sannan ya tura kurarsa ya tafi, bai gaya wa kowa ba. Kafin ma'aikata su gama taron safe su sauko, ruwan ya koma ja abinsa.

Da azahar wayarsa ta yi ƙara.

"Sannu-sannuna!!! Magani mai lamba goma sha bakwai ya yi! Duk farantin da muka sa wa maganin ƙwayoyin sun mutu, waɗanda ba mu sa wa ba suna nan ƙalau. Shekara uku muna nema.  Ka taya ni godiya ga Allah."

Ya daɗe yana kallon saƙon kafin ya rubuta, "Masu maganin a wane akwati suke?"

"Na hagu. Sauran kuwa, Ƙaramin Dakta ya mai da su na dama ranar Juma'a, wai wuri ya yi kaɗan. Me ya sa ka tambaya?"

 Can wani saƙon ya shigo.

"Albishirinka. Na gaya wa Baba, har hawaye ya yi. Na ga ransa fari, sai na sako maganarka. Ya ce ka zo ranar Asabar ya gan ka. Ka ji? Ya ce KA ZO."

Ya zauna a bakin motar kamfani, tukunyoyi na ƙwanƙwasar juna a bayansa. Lissafin a fili yake. In ya yi shiru, Asabar zai zauna gaban Baba a ranar da zuciyar tsohon take a buɗe. In ya yi magana, aikinsa ya tafi, Baba kuma zai ce ga irin ta nan, ɗan dako ya ɓata wa 'yarsa aikin shekara uku. Ba wanda ya gan shi. Ruwan ma ya rufa masa asiri.

Washegari yana turo tukunya ta barandar asibitin yara, wata mata ta tare shi. Ta saɓa 'yarta a kafaɗa, kan yarinyar ba gashi ko ɗaya, tana barci.

"Ɗana, na ga kana shiga ginin baya. An ce sun samo magani a can, wai har ya kashe ciwon. Gaskiya ne? Don mijina ya ce mu dakata da wannan ƙarin ruwan mai wahalar da ita, mu jira sabon."

Yarinyar ta ja numfashi cikin barci, gajere, mai ɗan sheshsheka. Irin wanda Sannu-sannu ya ji ranar Juma'a.

Ya ce, "Mama, kar ku dakata. Don girman Allah kar ku dakata da komai. Ku bi abin da likitanta ya ce."

Ya bar kurar a nan jikin bango, ya nufi ginin baya.

Ya same su su uku a ɗakin: Auta, Ƙaramin Dakta, da Farfesa, shugabarsu, wata dattijuwa mai furfura a gaban goshi. Takardu ne baje a gabansu. Ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu.

"Ranki ya daɗe, ba maganin ba ne ya kashe su. Ni ne. Tun Juma'a har safiyar Litinin akwatin hagu ba gas. Ban buɗe bawul ba. Da na zo na ga ruwan ya yi duhu, na buɗe, na yi shiru."

Ƙaramin Dakta ya miƙe. "Kun ji ko? Ai na sha faɗa, a daina barin jahilai suna shigo mana nan!"

Farfesa ba ta ko dube shi ba. Ta tambayi Sannu-sannu, "Me ya hana ka buɗewa?"

"Tsoro na ji. Na ji kamar yaro na numfashi a bayana."

Ƙaramin Dakta ya fashe da dariya, amma shi kaɗai ya yi ta. Farfesa ta cire tabarau ta goge.

"Wa ya kashe ƙararrawar akwatin?"

Ta sake jefa wata tambayar.

"Wa ya raba farantan gwaji ɗaya a akwati biyu?"

Makullin mota ya daina kaɗawa a yatsan Ƙaramin Dakta.

 Auta kuwa safar hannunta take cirewa, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta jefa a kwandon shara, ta juya musu baya. Kafaɗunta kawai ya gani suna motsi.

Kamfani ya dakatar da shi. Asabar ta zo ta wuce bai je ko'ina ba. Ya ji labarin Ƙaramin Dakta ya je ya gaya wa Baba wai da gangan mai gas ya yi, don kishi. Ya tura mata saƙo.

"Auta ki yafe min. Ba don na ɓata miki ba ne. Na kasa zuwa gaban Baba da wannan abu a cikina."

Ba amsa. Bayan kwana biyar ya sake turawa.

"Ko zagi ne ki turo min in ga rubutunki."

Ba amsa. Ya rame, ya daina fita. Inna ta yi ta kallon sa, har ranar nan ta ce, "Ni dai ban son aikin yarinyar nan, amma wannan zaman naka ya fi ba ni tsoro."

Ranar kwana na goma sha tara, da hantsi, wayar ta yi ƙara.

"Sannu-sannuna. Na sake gwajin daga farko, duka a akwati ɗaya. Farfesa ta rufe sunayen farantan don kar in san wane ne mai magani sai na gama ƙirga. Ni kuma na rufe wayata a kanka, don in na ji muryarka zuciyata za ta karkata, idona ya bi ta. Yau aka buɗe. Goma sha bakwai bai kashe su ba. Amma ya rage musu gudu kaɗan, kaɗan ƙwarai, kuma wannan kaɗan ɗin na gaskiya ne. Na yi fushi da kai kwana uku. Sauran sha shidan kewarka ce. Baba na neman ka yau bayan la'asar. Ka sa rigar nan mai ruwan toka."

Ya same shi a falo, zaune a kujerar katako, labule a sake. Baba bai amsa gaisuwar da tsawo ba.

"Kai ne ka rufe bawul."

"Ban buɗe ba dai, Baba."

"Wa ya gan ka?"

"Ba kowa."

"Ka san ranar Asabar ɗin nan da ka zo, da na ba ka ita?"

"Na sani, Baba."

Tsohon ya daɗe yana murza gemu. Da ya sake magana, muryarsa ta sauka.

"Auta tana da wa. Shekararsa shida wannan ciwo ya ɗauke shi, ita tana goye. Wata bakwai muna asibiti. Kullum in na tambaya, sai a ce yana samun sauƙi. Likita ya faɗa, 'yan uwa su faɗa, ni ma in shiga in faɗa wa uwarsa. Ni da na yi shekara talatin ina miƙa wa mutane magani. Ba a samu mutum ɗaya da ya dubi idona ya ce wannan maganin ba ya yi ba. Da an faɗa, da na kawo shi gida ya kwanta a gadonsa. Abin da yake ta roƙo ke nan."

Sannu-sannu ya sunkuyar da kai. 

"An ce wai numfashi ka ji."

"Wataƙila robar ƙofa ce, Baba."

"Wataƙila." Baba ya dubi wata ƙofa da ke rufe a ƙarshen falon. "Ni ma nakan ji a ɗakin can, da rana tsaka. Ban taɓa gaya wa kowa ba."

Su biyun suka kasa kunne, kowa na saurare. Can Baba ya gyara zama.

"Ka turo manyanka. Karatu dai ba ka da shi, wannan ba ƙarya. Amma in wani abu ya samu 'yata a gidanka, na san zan ji shi yadda yake."

Saura Inna. Auta da kanta ta je gaishe ta, ta durƙusa har ƙasa. Inna ta ƙare wa hannayenta kallo, sannan ta ce, "Ita yarinyar da kuke ajiye da ita, ya sunanta?"

"Ba mu sani ba, Inna. Lamba ce kawai a jikin kwalba."

"Iyayenta fa?"

"Wataƙila su ma sun rasu."

Inna ta riƙe haɓa. "Shekara da shekaru tana yi wa 'ya'yan mutane aiki, ba mai sa ta a addu'a? Kai, duniya." Ta share ido da gefen mayafi. "To ni zan riƙa sa ta. Ke kuma tashi daga ƙasan nan, sanyi. Amma in kin dawo daga aiki, sabulu sau biyu."

Farfesa ta rubuta wa kamfani takarda da hannunta, ta ce in ba Sannu-sannu ba, ba ta yarda kowa ya taɓa mata tukunya ba. Ƙaramin Dakta kuwa ya nemi canjin sashe, ya koma hawa na uku.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, da safe, a taron da bai cika yawa ba. Auta na ciki tare da mata, wayarta a cinya, ta kasa haƙuri ta rubuta.

"An ɗaura?"

Amsar ta ɗan jima kafin ta zo, haruffan a karkace.

"An ɗaura matata. Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi. Baba ya kama hannuna na dama tun ɗazu yana sa mana albarka, har yanzu bai saki ba."

Ta karanta, ta sake karantawa, hawaye na ɗiga a kan gilashin wayar.

"To kar ka ƙwace, mijina. Bar shi ya gama. Ina nan."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa wa aikin hannunsu nasara, ya kuma ba yaran da ke kwance lafiya, ya sanyaya zuciyar iyayensu. Amin.